Si Milud da Hannun Mbarka

Ƙarfe takwas da rabi ake buɗe ofishin inshorar ma'aikata na garinmu Asfi, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a layin nan ya san aikin Si Milud tun bakwai da rabi yake farawa. Tun daga kwanar gidan burodi za ka ji tarin ɗan babur ɗinsa. Ya jingine shi a bango, ya cire hular kwano, sai ya bi layin mutane daga ƙarshe zuwa farko, hannu a baya kamar mai zagayen gona. Ba ya shiga ciki sai ya ga takardun kowa.

"Baba, ina hatimin wajen aikinka? Babu? To maza koma a buga maka, ina riƙe maka da wurinka."

"Ke kuma 'yar'uwa, wannan takardar likita ce ko ƙullin gishiri? Sau nawa zan ce ku daina ninke ta gida goma kuna cusawa a ƙirji?"

Yana yin haka ne don kada mai ciwo ya yi awa uku a tsaye, ya isa taga, sannan a ce masa ya koma gida. In ya gama da layi sai ya shiga ya zauna a taga ta huɗu, ya gutsuri burodi ya tsoma a man zaitun, ya kurɓi shayi sau biyu, sauran ya huce a gefensa har azahar. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ni sunana Hadda. Shekara ashirin da tara na yi ina yanke kan sadin a wani kamfanin kifin gwangwani da ke hanyar bakin teku. Matan ƙungiyarmu suka ce ni zan rubuta masa wannan jinjina, wai ni ce mai baki. Dariya na yi, don da alama sun manta cewa duk faɗin Asfi babu wadda ta taɓa ci wa mutumin nan mutunci a bainar jama'a sai ni. Shi ya sa ma na karɓa.

Abin da ake yi a tagarsa ba mai wuyar ganewa ba ne. Kowane wata ana yankar ɗan wani abu daga albashinmu, kamfani ma ya ƙara nasa. Ranar da ciwo ya kwantar da kai, ko ka karye, ko aka yi maka tiyata, likita zai rubuta kwana nawa za ka huta, wajen aikinka su buga hatimi cewa lallai ka daina zuwa, sai ofis ya riƙa ba ka wani kaso na albashinka har ka miƙe. Shi ke nan fa. Amma zo ka ga yadda mutanenmu suke gudun wannan taga.

Allal, ɗan dako a tashar jiragen kamun kifi, da bakinsa ya ba ni nasa labarin. An yi masa aikin ƙaba, likita ya ce wata biyu kada ya ɗaga ko buta. Da ƙyar matarsa ta jawo shi ofis. Ya tsaya a taga yana kallon ƙasa, ya ce shi dai bai saba karɓar sadaka ba, ubansa ma bai taɓa karɓa ba. Si Milud ya cire tabarau ya dube shi.

"Shekara nawa kana dako?"

"Sha bakwai."

"Shekara sha bakwai kana ajiya a nan, yau ka zo ɗaukar kayanka kana ce mini sadaka? In ba ka so ka faɗa mini in kai gida, dama matata ta ishe ni da maganar sabon firji."

Allal ya ce dariya ta kama shi har ɗinkin ya yi masa zafi, ya dangwala hannu.

Wata ma'aikaciyar jinya a ɗakin masu karaya ta ce mini ta daina ƙirga ranakun da ta ga Si Milud lokacin cin abincin rana yana bin gadaje da ɗan kwalin tawada, yana karɓar dangwalen waɗanda ba su da mai kai musu takarda ofis. Babu wanda ya aike shi, babu kuma wanda ya biya masa man babur.

Kada ku ɗauka waliyyi nake kwatanta muku. Mutumin nan akwai mita, wallahi. Ga nawa: kafin ya cika takarda ɗaya, wani ya sallami mutum uku. Sai dai waɗancan ukun sukan dawo jibi da gyara, nasa kuwa in ya tafi ya tafi.

Yanzu bari in zo kan abin da ya haɗa ni da shi. Mu matan gwangwani muna da wata al'ada da muka gada wajen iyayenmu mata, tun kafin a san wani abu wai shi inshora. Shida-shida muke tsayawa a tebur, kowace da lambarta ta ƙarfe. Kika gama akwati ɗaya sai ki jefa lamba a kwano, da ita ake sanin kin zo, da ita ake sanin aikin da kika yi. Idan ɗaya ta kwanta ciwo ba ma faɗa wa kowa. Mu biyar sai mu raba aikinta, mu riƙa jefa lambarta tare da namu, ranar biya a kai mata albashinta har gida. Dalili kuwa, kullum akwai mata tsaye a ƙofar kamfani suna jiran gurbi, kuma mun yi imani duk wadda aka rubuta ba ta zo ba kwana uku, in ta dawo wata za ta tarar a wurinta. Muna ce wa abin "rufa mata". An rufa wa uwata lokacin da ta haife ni, ni ma an rufa mini sau biyu. Abin alfaharinmu ne, kuma har gobe ba na jin kunyarsa.

Shekara goma sha uku da suka wuce, ana tsakiyar lokacin kifi, Mbarka ta zame a matakalar gidansu tana saukowa da shanya daga soro, ta dafa ƙasa da hannun dama. Mbarka ita ce mai tsayawa a haguna a tebur, tun muna 'yan mata. Mijinta ya fita teku bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya mata biyu. Aka kai ta wajen maɗori, ya ja hannun, ya ɗaure, ya ce sati biyu ta warke. Mu kuwa muka rufa mata. Sati uku muna aikin mutum shida, yatsunmu suka kumbura, hannun nata kuma sai ƙara karkacewa yake yi.

Ni na kai ta asibiti. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a fitila, ya ce wuyan hannun ya fara haɗewa a karkace, sai an yi tiyata an gyara, bayan nan wata huɗu babu almakashi, babu ruwan sanyi. Ya ce in ta koma tebur kafin wata huɗun nan, to hannun ya tafi ke nan, ko cokali ba zai ƙara riƙewa ba. Ya rubuta mana takarda, ya sa ranar da ta faɗi.

Wata huɗu! Mu biyar ba za mu iya rufa mata wata huɗu ba, ita ma ta sani. Muna fitowa ta ce mini, "Hadda, ranar Litinin zan koma aiki. In ɗaure shi da tsumma. Yarana ba za su ci takardar likita ba."

Na ce, "Ki koma ki mutu a kan sadin? Wuce mu je."

Na biya kamfani na karɓo takardar da ke nuna ranakun aikinta, na ja ta har taga ta huɗu. Si Milud ya jera takardun biyu a gabansa, ya yi ta duba su har na fara buga ƙafa.

"Lalla Mbarka, likita ya ce ran uku ga wata kika karye."

"Haka ne, Si Milud."

"Kamfani kuma ya ce daga ran uku ga wata zuwa jiya ba ki yi fashin kwana ɗaya ba. Ranar Talata ma kin fi kowa cika akwati." Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau. "Sannunku da ƙoƙari. Ku nawa ne?"

Na ce, "Biyar."

Ya yi mana bayani a hankali. In ya tura takardun nan sama yadda suke, za a ce ɗaya daga ciki ƙarya ce, a ajiye su a fara bincike, watanni su wuce. Ana ma iya cewa Mbarka ta so ta ci biyu ne, ga albashi ga kuɗin ciwo. Ga shi kuma akwai wa'adin da ake bayarwa na kawo takarda, saura 'yan kwanaki ya cika.

Na ce, "To a koma wajen likita mana, ya rubuta jiya ta faɗi."

"Ƙashin fa? Shi ma za ki ce masa ya canza magana? Hanya ɗaya ce, Lalla Hadda. Kamfani ya gyara rajista, ya rubuta cewa tun ran uku ba ta zo ba. Kuma ba zai gyara ba sai waɗanda suka jefa lambarta sun ce mu ne."

A nan na haukace. Ban san lokacin da na bugi katakon tagar ba. Na ce masa, kai da kake zaune a inuwa, hannunka bai taɓa sanin ruwan ƙanƙara ba, kai ne za ka sa a kore mu mu biyar don takardarka ta yi kyau? Na ce ba shi da imani. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta a nan ba, duk ofis ana kallona, Mbarka tana jan mayafina da hannunta mai lafiya. Ya bar ni har numfashina ya ƙare.

"Kin gama? Gobe Asabar, ba na aiki. Ƙarfe nawa manajanku yake zuwa?"

Si Milud, na sha tunanin wannan rana. Da ka buga mana hatimin ƙi ka ce mai bi ya matso, babu wanda zai ga laifinka, bayan irin zagin da na yi maka ma sai a ce ka kyauta. Da kuma ka rufe ido ka tura takardun sama, kai ka fita, mu muka shiga. Kai ne ka ƙi yin ƙarya, kuma ka ƙi barin mu da gaskiyar mu kaɗai.

Da yamma a hanyar gida muka yi ta gardama mu biyar. Yamna, ƙaramar cikinmu, ta fashe da kuka, ta ce mijinta wata shida ba ya aiki, in aka kore ta ina za ta sa kanta. Ni na rantse ba zan taka ofishin manaja ba. A haka muka rabu.

Da safe muna ɗakin canza kaya sai ga Mbarka ta shigo, hannu ɗaure da tsumma. Ta ce ta fasa jiran Litinin, yau za ta fara, ba za a kori kowa saboda ita ba. Ta sa rigar leda, ta miƙa hannu ta ɗauki almakashinta. Ya faɗi. Ta sunkuya ta sake ɗauka, ta cije leɓe, ya sake faɗuwa. Yamna, mai kukan jiya, ita ta fara kwance rigar ledarta, ta ce, "Ku taso mu je."

Si Milud, mun tarar da kai a ƙofar manaja, cikin jallabiyarka ta zuwa ɗaurin aure, zaune a kan akwatin kifi da aka kife. Mai gadi ya ce awa biyu ke nan kana nan cikin ƙarni. Kana ganinmu ka miƙe ka kakkaɓe jallabiya.

Manajan yaro ne, bai fi wata huɗu da zuwa daga Kazablanka ba. Si Milud ya gaishe shi, ya ce tambaya ce ta kawo shi.

"Rajistarku ta ce shekara goma sha ɗaya babu macen da ta yi ciwon kwana ɗaya a tebur na bakwai, teburin waɗannan matan. Babu zazzaɓi, babu haihuwa, babu zaman makoki. Ka faɗa mini abin da kuke ba su, mu kai asibiti a raba wa mutane kowa ya huta."

Manaja bai yi dariya ba. Ya sa aka kira Lalla Zuhur, mai duba aikinmu, ya ce a gaya masa abin da ke faruwa. Si Milud ya ce, "Ni ban ga komai da idona ba. Waɗanda suka gani ga su nan."

Ni da ake ce wa mai baki, ranar nan bakin ya mutu. Ina jin ƙarar injin rufe gwangwani ta bango, ina kallon takalmina. Daga baya na ji muryata kamar ta wata tana cewa, "Mu ne muka jefa lambar Mbarka, sati uku. Ni na fara." Yamna ta ce, "Har da ni." Sauran ma suka ce har da su.

Manaja ya miƙe tsaye, ya ce wannan ha'inci ne, yau duk za mu bar masa kamfani. Sai Lalla Zuhur, matar da ta shekara ashirin tana yi mana tsawa a kan sakin wutsiyar kifi, ta ce a hankali, "To ka fara da ni, Sidi. Lokacin da na haifi ɗana na fari kwana arba'in aka rufa mini. In za ka kori duk wadda aka taɓa rufa wa, ko ta rufa wa wata, gobe kai za ka sa rigar leda."

Si Milud ya bari ɗakin ya lafa, sannan ya ce, "Kifin an yanke? An yanke. Gwangwani ya cika? Ya cika. Ba su ɗauki komai naka ba, ɗana. Tsoron rasa gurbi ne ya sa su. Ka rubuta ka liƙa a bango cewa duk wadda ta kawo takardar likita za ta dawo ta tarar da wurinta, ka ga ko za a ƙara jefa lambar wata."

Ba a kore mu ba, amma ba mu fita a banza ba. Kowace aka dakatar da ita kwana uku, ni kuma aka sauke ni daga shugabancin tebur, kuma har na bar kamfanin ba a mayar mini ba. Aka gyara rajista, aka buga hatimi, aka liƙa takardar a bango. Ranar Litinin da safe Si Milud ya shigar da takardun Mbarka, saura kwana biyu wa'adi ya cika. Sati na gaba aka yi mata tiyata. Wata huɗu tana gida, kuɗinta suna zuwa, ba ta taɓa almakashi ba sai ranar da likita ya ce to.

Ni kuwa sai na riƙe shi a zuciya. Na ce shi ya jawo aka sauke ni. In na hango babur ɗinsa sai in tsallaka titi. Da fushin ya wuce sai kunya ta gaje shi, ita kuma ta fi fushin hana mutum gaisuwa. Shekara goma sha uku ina rako matan kamfani tagarsa, ya ce, "Sannu, Lalla Hadda," ni kuwa in miƙa takarda ina kallon bango.

Har yau muna rufa wa juna, sai dai salon ya canza. Mace ta kwanta, ranar nan ɗaya za ta kai ta wajen likita, ɗaya ta kai takarda taga ta huɗu, sauran su raba kwanakin girki ga 'ya'yanta. 'Yan matan da suka shigo aiki bayanmu sun ɗauka haka abin yake tun asali.

Si Milud, majinginar masu hannu a ruwan sanyi, yau na zo in faɗi abin da na kasa faɗa a taga. Na zage ka a gaban jama'a, to a gaban jama'a nake roƙonka ka yafe mini. Ni ce na yi kuskure. Na ɗauka takarda kake karewa, ashe hannun ƙawata kake karewa, har daga alherin da mu masu sonta muka yi mata. Mun gode. Allah ya ba ka lafiyar da za ka ci ritayarka, ya sa kada ka taɓa buƙatar tsayawa a layin kowa.

Ku kuma samari da 'yan matan da za ku gaji kujerarsa, ku fito waje ku bi layi kafin ku zauna. In takardu biyu suka saɓa, ku ɗaga kai ku dubi mai su, ku tambaya. 'Yan'uwana ma'aikata kuwa, ku daina ɓoye ciwo, ku je ku karɓi abinku tun ranar farko.

Kafin in kai wannan rubutu na biya gidan Mbarka, na karanta mata daga farko har nan, don ita ba ta yi makaranta ba. Ta yi dariya a wajen zagin. Na ce me zan rubuta da sunanta. Ta daɗe tana kallon hannun, tana buɗewa tana rufewa. Ƙaramin yatsa har yau ba ya lanƙwasuwa, sauran huɗun lafiya lau.

Ta ce, "Ki ce masa da shi nake murza kuskus duk ranar Juma'a. Ki ce ya zo ya ci."